Saura Ƙiris

Auta ce ta zana mutanen gidansu, amma ba ita ta fara cewa a mayar da su fim ba. A lokacin aikinta zanen tallace-tallace ne: kwalbar sabulu mai rawa, ƙwayar magani mai hannu da ƙafa tana kokawa da sauro. Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman shagon masu sayar da tayoyi. Akwai kwamfutoci, da fanka mai ƙara, da wani lungu da aka lulluɓe da barguna da kwalayen ƙwai, inda ake ɗaukar murya. Idan masu tayoyi suka tayar da injin iska a ƙasa, sai a dakata da ɗauka har su gama.

Wata rana suna cin abincin rana ta ba abokan aikinta labarin gidansu a ƙauye. Babanta yana da tarakta da ya saya ta hannu tun kafin a haife ta. Damina ɗaya ta yi aiki ta tsaya, kuma har yau kowace safiya sai ya buɗe ta ya ɗaure wani abu ya kwance wani, kaji kuwa sun mayar da kujerar direba wurin saka ƙwai. Mamanta ta daina yi wa Baba magana kai tsaye tun wata rigima da ba wanda ke tuna musabbabinta. Ta bakin mage take aika masa saƙo, ko da yana zaune a gabanta. Ranar da magen ta mutu gidan ya yi tsit, har sai da Baba da kansa ya fita ya samo wata. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo taya Mama aiki lokacin haihuwar Auta, kuma har yanzu jakarta na ɗaure a bakin ƙofa, kullum gobe za ta tafi.

Sai kuma Yaya, babban ɗan gidan, wanda kowace shekara da sabuwar sana'ar da za ta fitar da su daga wahala. Ya haƙa ramin kifi, ruwan ya tsiyaye, kwaɗi suka gaji wurin. Ya yi kiwon zomaye, suka haƙa ƙasa suka ɓulla lambun maƙwabci. Ya haɗa injin ƙyanƙyasa da tsohon firji da ƙwan lantarki, ƙwayayen suka dahu tsaf. Duk sanda aka tambaye shi yaya aiki, amsarsa ɗaya ce: “Saura ƙiris.”

Darakta, mai ofishin, ya yi dariya har ya ƙware da ruwa. Da ya samu numfashi ya nuna ta da cokali.

“Auta, ki ajiye kwalbar sabulun nan. Wannan za ki zana mana.”

Haka aka haifi katun ɗin. Ba na yara ba ne, na manya ne, da zage-zage da baƙar magana da faɗan miji da mata. Ta sauya wa mutanen fuska, ta sauya wa gidan fasali, ta ɗauka hakan ya isa. Wani ƙaton mutum da ake kira Mai Murya shi ke yin Baba da Gwaggo da mage. Yaya kuwa ta ba shi dogon wuya, manyan haƙora, da ƙafar wando ɗaya a naɗe, ta sa masa suna Saura-Ƙiris. Kusan kowane kashi yana ƙarewa ne da abin da ya ƙera ya fashe, shi kuma ya leƙo daga cikin hayaƙi, fuska baƙi ƙirin, ya ɗaga yatsa ya faɗi kalmarsa.

Abin ya karɓu fiye da yadda suka zata. Ana tura shi daga waya zuwa waya, direbobi suka fara rubuta sunan Saura-Ƙiris a bayan motoci. Auta ba ta faɗa wa kowa a gida ba. Idan ta kira Mama ta tambayi labari, takan saurara da kyau, wani lokaci tana zane da ɗayan hannun.

Sai wata safiya Mama ta kira da kanta, abin da ba ta saba ba.

“Auta, mun gan mu a talabijin ɗin mai shayi na bakin hanya. Ki zo gida.”

“Mama, ai ba ku ba ne, wasu ne kawai na ƙirƙira.”

“Wasu masu tarakta da kaji a ciki? Ki zo gida, na ce.”

Ta shiga mota, duk tsawon hanya tana shirya yadda za ta ba da haƙuri. Da ta sauka a ƙofar gida sai ta tarar da Baba tsaye kusa da taraktarsa, ya goge ta fes, wasu samari biyu baƙi suna ɗaukar hoto da shi. Ya sallame su, ya juyo yana washe baki.

“Ke, zo nan. Kin zana ta da taya uku. Huɗu ne, ɗayan yana ɗakin ajiya. Kuma hancina bai kai haka ba. Ban da wannan, aiki ya yi kyau. Jiya har wani ya zo daga nesa ya ce zai saye ta.”

“Ka sayar, Baba?”

“In sayar? Yanzu da ta yi suna?”

A tsakar gida Gwaggo na jiranta, hannu a ƙugu.

“Wace ce ke yin muryata? Ni haka nake magana, kamar an taka agwagwa?”

Auta ta faɗi gaskiya, cewa namiji ne. Gwaggo ta dafe ƙirji ta zauna a kan jakarta, ta rantse gobe da sassafe za ta bar gidan nan, tunda har ’yar da ta goya ta mayar da ita ƙato. Baba ya ce ai muryar ta yi daidai, ya ma ɗauka ita ce. Nan faɗa ya kaure. Mama ta fito daga kicin da kwano, ta dubi magen da ke kwance a gindin randa.

“Mage, faɗa wa mai gidan nan ya bar yarinya ta sha ruwa kafin ya fara sabon kashi.”

Auta ta yi dariya har da hawaye, hankalinta ya kwanta. Sai da aka zauna cin abinci ta lura kwanon Yaya a rufe yake, ba a taɓa shi ba. Matarsa ta gaishe ta sama-sama ta koma sashensu ta saki labule. Da suka keɓe a kicin suna wanke-wanke, Mama ta ce da ita ba tare da ta ɗago ba:

“Mu mun tsufa, dariyar mutane ba ta rage mana komai. Babanki ma ƙara masa kwana ta yi. Yayanki za ki je ki gani.”

Bai shigo ba sai da rana ta faɗi, ya gaishe ta kamar kullum, ya tambayi hanya da aiki, ya wuce. Washegari ta same shi yana loda buhunan albasa a tsohuwar motar ɗaukar kaya da yake arowa ranar kasuwa. Ta ce za ta raka shi. Ya kalle ta kaɗan, ya share mata kujerar gaba da hannun riga.

Tun kafin ya kashe mota a kasuwa aka fara.

“Saura-Ƙiris ya iso! Ku matsa, kar motar ta fashe!”

Masu dako suka kwashe da dariya. Dillalin albasa ya kwance buhu, ya shinshina, ya ce yana dubawa ne ko sun dahu a hanya. Yaya ya yi dariya tare da su, har ya ɗaga yatsa ya faɗi kalmar, da irin muryar katun ɗin, don su bar shi ya yi ciniki. Daga nan suka biya wajen kafinta, Yaya ya zaro wani katako mai tsagi ya ce irinsa yake so a yanka masa. Kafinta ya juya katakon, ya tambaya na mene ne. Yaya ya ce akwatin kiwon zuma zai haɗa. Kafinta ya kira maƙwabcinsa mai walda ya zo ya ji, su biyu suka dinga dukan cinya.

“Don Allah ranar da zai tashi ka aiko mana, mu rufe shago da wuri.”

Auta na tsaye a gefe da jakarta. Ba wanda ya san ita ce mai zanen. Ta sha jin ana maimaita maganganun fim ɗinta a mota da layin asibiti, kullum sai ta ji daɗi ta ɓoye murmushi. Yau ta rasa inda za ta sa idonta. Wuyan Yaya ba dogo ba ne. Ta ga ma ya fara furfura a gefen kunne, abin da ba ta lura da shi ba sai yanzu.

A hanyar dawowa suka zo daidai gonarsu. Ya tsayar da motar a inuwa, ya sauka ya duba bututun ban ruwa, ya toshe inda yake yoyo da tsumma, ya dawo ya jingina da ƙofar mota.

“Yaya, ka yi haƙuri,” in ji ta. “Ban yi tunanin zai iso nan ba.”

“Da bai iso ba fa? Shi ke nan?”

Ya juyo ya dube ta.

“Ni ban ce kin yi min ƙarya ba, Auta. Kifi sun mutu, zomaye sun gudu, ƙwai sun dahu. Na farkon da na kalla, wallahi na yi dariya. Abin da ya dame ni daban ne. A fim ɗin nan naki, kullum ina ganin mutanen gidan zaune gaban kwano cike, suna ci suna faɗa. Daga ina abincin yake zuwa? Baba yana gindin tarakta. Saura-Ƙiris yana cikin hayaƙi. To wa ke noma gonar?”

Ta dubi gonar. Kunyoyin albasa a jere, an nome su tas, masara ta kai ƙugu a ɗaya gefen.

“Kin san me ya sa nake waɗannan ’yan gwaje-gwajen?” ya ci gaba. “Ni ma na so in tafi. Da Baba ya kwanta ciwon bayan nan, kina aji nawa ma? Wani dole ya zauna. Ban yi nadama ba. Amma mutum yana son ya taɓa yin wani abu da ba gado ya ci ba, nasa na kansa. Shi ke nan fa.” Ya goge hannu a wando. “’Yata kuma ta ce in daina kai ta har ƙofar makaranta. In sauke ta a kwana, ta ƙarasa da ƙafa.”

Wannan ce ta karya Auta. Ta rufe fuska da gyale ta yi kuka sosai, irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Yaya ya bar ta ta yi, yana kallon gona.

“Zan cire shi,” ta ce da ta lafa. “Ina komawa zan cire shi gaba ɗaya.”

“Ki cire ni? Sai a ce na mutu, ko na kai ƙara wurin ƙanwata kamar ƙaramin yaro. Sunan kuma ya riga ya bi ni, ba ke za ki karɓe shi daga bakin mutane ba.”

“To me kake so in yi, Yaya?”

Ya buɗe mata ƙofar mota.

“Ban sani ba. Ban saba a tambaye ni ba. Shiga mu je, rana ta yi.”

Da ta koma ofis ta kwashe komai ta faɗa wa Darakta. Mutum ne mai kirki, ya saurara har ƙarshe, ya ce abin ya taɓa shi. Amma da ta ce tana so a nuna Saura-Ƙiris yana yin wani abu daidai, sai ya girgiza kai.

“Auta, mutane suna zuwa ne don su ga ya fashe. Ba wanda zai ƙona data don ya kalli mutum yana noman albasa lafiya lau.”

“Ban ce a daina dariya ba. Na ce ba shi kaɗai za a dinga yi wa ba.”

Suka yi ta ja-in-ja na kwanaki. Ta zana kashi biyu ta watsar, don da ta karanta wa Mai Murya sai ya ce kamar wa’azi yake ji. Na uku ne ya tsaya da ƙafarsa. A cikinsa iska ta kwashe rufin ɗakin tsakiya, ruwa na shirin sauka. Baba da Mama da Gwaggo suka zauna a ɗakin suna gardama kan wanda ya jawo abin. Baba ya ce da an bar shi ya gama gyaran tarakta da ya ɗauko kwano sabo tun bara. Mama ta aika masa amsa ta bakin mage. Gwaggo ta ce ita baƙuwa ce, ba ruwanta da rufin mutane. Duk tsawon faɗan, ta taga ana hango Saura-Ƙiris a baya, ƙarami, ba ya magana: ya ɗauko tsani, ya bi kwanon har gonar maƙwabci, ya jawo shi, ya hau, ya buga ƙusa, ya sauko ya kora awaki, ya kwashe shanya, ya rufe rumbu. Sai da ruwa ya tsuge su ukun suka ɗaga kai suka ga rufi a kansu. Baba ya ce, “Kun gani? Na ce muku zai gyaru.” Saura-Ƙiris ya shigo a jiƙe sharkaf, Gwaggo ta daka masa tsawa don ya ɓata mata tabarma.

Darakta ya yarda a sake shi, yana ƙunƙuni. Bai samu masu kallo kamar sauran ba. Wasu sun rubuto cewa an cuce su, ba abin da ya fashe. Amma saƙonnin da suka biyo baya wasu iri ne da ba a saba gani ba. Wata ta ce ta dakatar da fim ɗin a tsakiya ta kira yayarta. Wani ya ce shi ne mai tsanin gidansu, kuma ba a taɓa leƙo shi ta taga ba. Daga gida Baba ya kira ya ce kashin ya yi kyau, musamman maganar da ya yi a ƙarshe. Yaya bai kira ba. Auta ta ɗauki waya sau da yawa ta ajiye.

Damina ta wuce. Wata ranar aiki da hantsi, ana tsakiyar ɗaukar murya, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ta buɗe ta ga mutum tsaye da kwali a hannu, fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe ruf, leɓen sama ya yi kamar burodi. Sai da ya yi magana ta gane shi.

“Yaya! Me ya same ka?”

“Zuma,” ya ce da ƙyar. “Na zo sayen rigar kariya ne. Na ce bari in ga inda ake dafa ni.”

Ta ba shi kujera. Darakta da Mai Murya suka fito suka gaishe shi da ladabi, kowa na sunkuyar da kai. Yaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya da idon da ya rage, ya tambaya wane ne Gwaggo. Mai Murya ya ɗaga hannu a hankali. Yaya ya ce ya yi masa kaɗan ya ji. Mai Murya ya yi. Yaya ya fara dariya, leɓen ya hana shi, ya riƙe kumatu yana cewa wayyo.

Daga nan ya ba su labarin da kansa. Akwatunan sun yi, ƙudan zuma sun shiga, sun cika su. Ranar ɗiba, da yake ba shi da riga, ya ari gidan sauron Gwaggo ya lulluɓa, ya ɗaure ƙugu da igiya. Bai san gidan sauron na da ƙofa a baya ba, inda ɓera ya ci. Ƙudan suka shiga ta nan suka rasa hanyar fita. Ya kwasa a guje cikin gidan sauro, ba ya gani, ya ratsa tsakar gida, ya faɗa kan Baba. Baba ya tashi ya bi bayansa da gudu, mutumin da shekara da shekaru yake cewa bayansa ba ya miƙewa. Mama kuwa ta leƙo ta ga ƙudan sun nufo su, ta manta da mage, ta ƙwala wa Baba kira da bakinta ta ce ya shigo ɗaki. Har yanzu tana musun ta yi.

Mai Murya ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Darakta na share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan na laluben biro a kan tebur. Auta ta ɗora hannunta a kan biron. Yaya ya gani.

“Bar shi ya rubuta,” ya ce. “Na gidan sauron na ba ku, kyauta. Gudun Baba ma ku saka, zai ji daɗi. Amma na Mama ku bar mata abinta.” Ya buɗe kwalin ya fito da kwalba cike da zuma, baƙi-baƙi, mai kauri, ya dangwarar a tsakiyar tebur. “Wannan kuma ku zana ta yadda take. Cike.”

Suka sha zumar da cokalin shayi, suna miƙa wa juna. Darakta ya tambaye shi ko akwai wasu labaran. Yaya ya ce akwai da yawa, amma daga yau shi zai dinga zaɓar wanda za a ji.

Da yamma Auta ta raka shi shagon da ake sayar da rigar, suka zaɓi wadda ta yi masa daidai, ya gwada hular mai raga a gaban madubi ya daɗe yana kallon kansa. A tasha ta riƙe masa kwalin har ya samu wuri kusa da taga. Ta tambayi ’yarsa. Ya ce har yanzu a kwana yake sauke ta, amma shekaranjiya ta ɗauki ƙaramar kwalba ta kai wa malamarsu, ta ce babanta ne ya yi. Direba ya tayar da mota, ta miƙa masa kwalin ta taga, ya ɗora a cinya ya riƙe da hannu biyu.